Gemu Ya Fara Tsirowa, Baƙi Bai Zauna Ba: Wane Littafi Za Mu Miƙa Masa?

Wata ranar Asabar, a cikin shirin matasa da nake gabatarwa, na yi wa wata yarinya abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. 'Yar aji uku ce a ƙaramar sakandare a nan Zebilla, shekarunta sha shida, ga murya garau kamar don rediyo aka yi ta. Mako uku tana karanta mana gaisuwar masu sauraro da ƙananan sanarwa cikin Turanci, ba ta taɓa yin tuntuɓe ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne kullum da wuri take zuwa, ta ce, "Malam, karanta mini in ji yadda kake ɗora murya." In karanta, ta ce in sake. A mako na huɗu, saura minti biyu mu shiga, aka kawo wata sanarwa ta gaggawa, na miƙa mata takardar ban karanta mata ba. Jar fitila ta kama. Ta dubi takarda, ta dube ni. Wanda ya san aikinmu ya san shirun daƙiƙa goma a rediyo daidai yake da shekara. Na karɓi takardar na karanta da kaina, ita kuwa ta fita, ba ta ko tsaya ɗaukar jakarta ba.

Ashe hadda take yi. Sau biyu take jin abu ta riƙe shi tsaf. Shekara tara tana zuwa makaranta, da wannan kaifin ƙwaƙwalwa ta rufe asirinta, ba malamin da ya gano, ko kuwa an gano an kau da kai.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba sai na rantse ba. A 2013 Hukumar Ilimi ta Ghana ta gwada karatun 'yan aji biyu na firamare a faɗin ƙasa. Kimanin rabinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, waɗanda ke karatu sumul suna fahimta kuwa ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. An sake gwajin a 2015, labarin bai sauya ba. Ku lissafa da ni: 'yan aji biyun 2013 su ne suka zauna jarrabawar BECE a 2020, shekarar da korona ta rufe makarantu. Ba wanda ya tsayar da su a hanya ya ce a koma a gyara tushe. Aji yana tafiya, su ma suna tafiya. Tun Satumbar 2017 da babbar sakandare ta zama kyauta ƙofa ta ƙara buɗewa, abin a yaba ne, sai dai wanda ya shige ta bai iya karatu ba ya ƙara wa kansa shekara uku ne na zaman kurame. A yankinmu kuma ga rikicin Bawku da dokar hana fita da ke cinye kwanakin makaranta. Yaron da ya gaji da zaman aji bai san me ake ciki ba, mun san inda yake ƙarewa: ramin haƙar zinariya, ko in mace ce, dakon kaya a kasuwannin Kumasi da Accra.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Ƙungiyar School for Life, wadda ta fara aiki a 1995 a yankin Yendi da kewaye, ta nuna cewa cikin wata tara za a iya koya wa yaro karatu da harshen uwarsa, a aji na mutum 25, da malami ɗan garin. Daga baya gwamnati ta ɗauki salon ta faɗaɗa shi. Amma wannan na yara ne 'yan shekara 8 zuwa 14 waɗanda ba sa makaranta. An kuma aro dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, wato a raba yara gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba gwargwadon ajinsu ba, aka gwada ta a makarantun Ghana tun wajen 2010. Ita ma a firamare ta fi ƙarfi. Ɗan shekara sha shida da ke sanye da kayan makaranta, sunansa na cikin rajista, ya faɗa tsakiya: ya wuce na yara, bai kai na yaƙi da jahilci ba, kuma a takarda ba shi da wata matsala.

Bayan abin da ya faru na bi sawun yarinyar har gida na ba ta haƙuri. Daga nan ne muka fara zama da yamma, sau uku a mako, a zauren wani dattijo a zango. Ta kawo ƙawarta, ƙawar ta kawo ɗan'uwanta, har muka kai goma sha ɗaya. Ni ba malamin makaranta ba ne, aikin jarida na karanta. Abin da ya kawo ni gabanku, 'yan'uwa marubuta da manazarta, shi ne tambayar da ta tsaya mini a wuya tun daren farko: to, me zan ba su su karanta?

Na fara da abin da ke kusa, wato littattafan Turanci na ƙananan yara irin waɗanda ake rabawa kyauta. Ban daɗe a kansu ba. Saurayin da ya wuni yana loda buhunan albasa a mota, ka zaunar da shi ka ce ya karanta labarin ɗan kyanwa da ya ɓatar da hularsa. Ya karanta layi biyu da ƙyar, ya dubi 'yan matan da ke gefe, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Washegari bai zo ba. Ban da haka, Turanci mugun wuri ne na fara koyon haɗa baƙi. Harafi ɗaya sai ya yi maka sauti uku ko huɗu. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta yaran ƙasashen Turai, ya gano cewa masu koyo da Turanci kan ɗauki fiye da ninki biyu na lokacin da takwarorinsu ke ɗauka a harsunan da ake rubuta su yadda ake faɗarsu. Waɗannan fa 'ya'yan Turawa ne, da harshen suka tashi.

Sai na sa wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya sayo mini *Ka Koyi Karatu*. A nan dole in yi adalci. Wannan ɗan littafi da ƙannensa, *Ka Ƙara Karatu* da *Ka Yi Ta Karatu*, sun buɗe idon mutanen da Allah kaɗai ya san yawansu a Arewacin Nijeriya, kuma ginin da aka yi masa mai kyau ne. Daga wasali zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, ba a ɗora maka kaya sai wuyanka ya yi ƙwari. Hausar boko kuma tana da kirki ga mai koyo, abin da ka gani shi za ka faɗa. Cikin mako uku yarinyar nan ta fara haɗa gaɓoɓi da kanta, ta daina kallon bakina.

Amma littafin da ɗan shekara shida yake magana, kuma bai ɓoye hakan ba. Hotunansa, gajerun jimlolinsa da ba su ɗauke da wani labari, duk na mai wasan ƙasa ne. Na ga yadda samarin ke cusa shi a tsakiyar littafin lissafi kafin su fito daga zaure, kamar mai ɓoye kayan sata. Ba laifin littafin ba ne. Takalmin yaro ne mai kyau, mu ne muka tura wa babba. Akwai kuma wani abu da ɗan Kano ba zai taɓa lura da shi ba. Yawancin yaranmu, musamman waɗanda Hausa harshen kasuwa ce a wurinsu ba na ɗaki ba, kunnensu ba ya raba *k* da *ƙ*, kuma Hausarmu ta zango ba ta cika damuwa da bambancin "ya zo" da "ta zo" ba. Littafin Zariya yana ɗauka cewa yaro ya riga ya ji waɗannan a baki, aikinsa kawai ya gane su a takarda. A wurinmu darasi ne sabo fil. Ni dai na jinkirta haruffa masu lanƙwasa sai da sauran suka zauna, kuma ban ga asarar da aka yi ba.

Da na ga haka sai na haura sama, na ɗauko *Magana Jari Ce*. Abubakar Imam don 'yan makaranta ya rubuta shi a shekarun 1930, amma bai raina su ba, kuma wannan shi ne sirrin daɗewarsa. Akwai wayo a ciki, akwai cin amana, akwai ban dariya irin wanda babba zai yi har da hawaye. Daren da na fara karanta musu, har mai zauren ya jawo buzunsa ya matso. Sai dai da na miƙa littafin na ce wani ya ci gaba, zaure ya yi tsit. Shafin a cike yake maƙil, jimla takan yi layi huɗu ba ta huta ba, ga kalmomin fada da na yaƙi waɗanda yaron Zebilla bai taɓa ji ba. Mai haɗa gaɓa ɗaya-ɗaya kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Haka *Ruwan Bagaja*: sun so rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ƙwarai, amma da kunne.

Duk da haka Imam ya koya mini abu guda, kuma daga bakin akunsa na ɗauka. Aikin aku a littafi na farko shi ne ya riƙe Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita. Mu ma a rediyo da wannan muke ci, ka yanke magana daidai inda mai sauraro ba zai iya murɗa akwati ba. Sai na riƙa karanta musu labari, in na kai inda ya yi daɗi in rufe littafin, in rubuta abin da ya biyo baya a allo da kalmomina, jimla uku gajeru. Mai son ya ji yadda aka ƙare, ga allo nan. Ranar ne na fara ganin saurayi ya tashi da kansa ya je gaban allo ba a kira shi ba.

Wannan ya sa na sake duban littattafan soyayya na Kano da idon da ban taɓa duba su da shi ba. An daɗe ana yi musu kallon raini, ana kiran su adabin kasuwa. Amma ku tambayi matan da suka tashi a shekarun 1990, a Kano ko a zangon Kumasi, nawa ne cikinsu karatunsu ya nuna a kan *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino ko *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu? Ba wanda ya bi su da bulala. Son jin yadda za ta kaya ne ya ja su daga shafi zuwa shafi. Ita kanta Hajiya Balaraba an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, da girmanta ta koma neman ilimi. Wataƙila shi ya sa rubutunta bai san raina mai karatu ba. Sai dai waɗannan ma matakala ta uku ce ko ta huɗu. Suna amfanar wanda ya riga ya iya haɗa baƙi yana neman sauri, ba wanda ke rarrafe ba.

A nan zan ɗan taɓa mu, kuma a yi mini haƙuri. Magadan waɗancan littattafai yau a waya suke, a WhatsApp da Facebook, kuma nan ne idon matasa yake. Amma dubi yadda ake rubuta su: *x* a madadin *z*, kalmomi uku a manne wuri ɗaya, rabin jimla Turanci ne da aka gutsure. Gwani zai iya hasashe ya wuce. Mai koyo, wanda jiya-jiya aka ce masa kowane harafi da sautinsa, in ya ci karo da "xanje" sai ya ɗauka shi ne bai gane ba. Wata daga cikin ɗalibaina ta kawo mini irin wannan a wayar yayarta tana tambaya ko akwai wani harafin da ban koya musu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a zauren nan ban same shi a littafi ba. Bakwai daga cikin sha ɗayan sun yi makarantar allo, huɗu suna karanta Alƙur'ani ba gargada. Wato yaron da makarantar boko ta yanke wa hukuncin daƙiƙanci ya riga ya san babban sirrin karatu, cewa baƙi da wasali in sun haɗu suna ba da sauti. Ya yi babbaƙu, ya yi farfaru. Da na rubuta *ba, bi, bu* na ce musu wannan fataha ce da kisira da rufu'a, sai dai a boko wasalin a gefe yake zama ba a sama ko ƙasa ba, kuma daga hagu ake farawa, wani ya ce, "Malam, dama shi ke nan?" Shekara tara ba wanda ya taɓa haɗa masa waɗannan biyun.

Kuma ku duba tsarin makarantar allon kanta. Ba a ciyar da kowa gaba don shekara ta zagayo. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a yi maka ƙari sai ka biya na jiya. Gardi da ƙolo suna zaune a inuwa ɗaya, ba wanda ke jin kunyar wani. Abin da aka je Indiya aka aro da sunan sabuwar dabara, ga shi a ƙofar gidanmu. Ban ce a kwaso har da bulala ba, kuma na san a can ba a cika tsayawa kan fahimtar ma'ana tun da wuri ba. Tsarin nake magana. A ƙasar nan ma ba baƙi ba ne mu a harkar rubutu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Hausar ajami, a kan talauci, a kan zuwan Turawa, zancen manya zalla. Rubuce-rubucensa na ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon, jikokin almajiransa kuwa suna zaune a aji ana ce musu ba su san komai ba.

Na san abin da wani zai ce, don wani shugaban makaranta ya riga ya faɗa mini a fuska: Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta ɗauka don koyarwa, ba a yin ta a BECE, to me ya sa zan ɓata wa yara lokaci? Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Amsata ita ce sau ɗaya mutum ke koyon karatu a rayuwarsa, kuma gara ya koye shi a harshen da in ya haɗa kalma zai ji ta faɗa masa wani abu. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, tsallakawa zuwa Turanci ba ta zuwa a ɓagas. Baƙaƙen suna bin ka, wasulan Turanci kuwa sai an zauna an koyar da su ɗaya bayan ɗaya, ga kuma kalmomin da dole a san ma'anarsu. Sannan Zebilla ƙasar Kusasi ce. Yaron da Kusaal ne harshen ɗakinsu, da Kusaal ya kamata a buɗe masa ido, tunda harshen yana da rubutunsa. Ni da Hausa na yi don ita ce ta haɗa waɗanda suka zo zauren. Akwai kuma yaro ɗaya da duk dabarata ba ta yi masa aiki ba, har yau yana juya *b* da *d*. Wannan ya fi ƙarfin mai gabatar da shiri, gwani yake bukata.

To, ga inda na tsaya. Littafin da ɗaliban nan ke bukata shi ne mai baƙin yaro da zancen manya, kuma ban same shi a kasuwa ba. Da na rasa sai na fara rubutawa da kaina, rabin shafi, manyan haruffa, jimlar da ba ta wuce kalma shida ko bakwai ba, gaɓoɓi masu sauƙi. Na farkon ya fara kamar haka: "Mota ta mutu a hanya. Rana ta yi zafi. Albasa ta fara wari. Direba ya ce ba shi ba ne. To wa zai biya?" Saurayin nan da ɗan kyanwa ya kora, ƙanwarsa ta kai masa takardar gida. Ya dawo. Minti ashirin ya ɗauka kafin ya gama layi biyar ɗin, sannan aka yi kusan awa guda ana gardama a kan wa ke da alhakin albasar, shi ne ma ya fi kowa ɗaga murya, don abin ya taɓa faruwa da ubangidansa.

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Ka ce za ka ba da labari mai rai ba tare da *ƙ* ko *ts* ko *gw* ba, cikin kalmomi sittin, ya fi kama da ɗaure waƙa da amsa-amo fiye da rubutun zube. Ni kuma ba mai ƙaga labari ba ne. Guda goma sha biyu na rubuta, kuma na san rauninsu. Uku daga ciki wa'azi ne na sa wa rigar labari, ɗaliban kuma sun gane tun a layi na biyu. Wata ta ce, "Malam, wannan irin na taron iyaye ne." Biyu sun yi tsawo. Waɗanda suka karɓu su ne masu rigima a ciki: bashi, kishiya, kuɗin waya da aka tura lambar da ba ita ba, ɗan ƙwallon da aka hana shi wasa ranar da ya gayyato budurwarsa kallo. A cikinku akwai masu rubuta littafi mai shafi ɗari uku a wata biyu. Da kowane ɗaya zai ba da rabin shafi irin wannan, da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya har su kai mutum bakin ƙofar *Ruwan Bagaja*, da an cike ramin da ke tsakanin *Ka Koyi Karatu* da Imam. NORLA ta yi makamancin wannan a Zariya a shekarun 1950, lokacin yaƙi da jahilci, ta buga ƙananan littattafai masu araha don manyan da suka fara karatu. Yau ba ma sai an jira injin buga littafi ba.

Yarinyar ta dawo gidan rediyo bayan wata biyar. Jarrabawa ta riga ta zo ta same ta Turancinta bai gama nuna ba, wannan ba yadda na iya da shi. Amma ranar ta karɓi takardar da ba ta taɓa gani ba, sanarwar ɓatan akuya ce da Hausa, layi huɗu, ta karanta a hankali tana bin layin da yatsa. Wani mai sauraro ya bugo waya yana ƙorafin cewa yarinyar yau ba ta kai ta da sauri ba. Bai san mutum ɗaya ba ce.

Da muka fito ta tambaye ni labari na goma sha uku. Na ce mata yana hanya.